Ta'min na takarda, mota ta kan hanya: wace ce aka yi wa inshora?

Duk wanda ya tsaya a bakin titin da ya taso daga Madani ya bi Sennar da Maiurno zuwa Singa da Damazin, ya san da wuya ya ga motar haya da ta zauna yadda kamfani ya ƙera ta. Boksin Hilux an yi masa rumfar ƙarfe da benci biyu, ya koma motar fasinja. Tsohuwar lori Bedford, wadda ake kira Sifinja, an fara ƙera irinta a Ingila a 1958, amma ta hannunmu rabinta aikin maƙeran Sudan ne: an ƙarfafa shasi, an ƙara ganyen sifirin, an ɗaga bodi, wata ma injin wata motar ke cikinta. Ba laifi ba ne, gwaninta ce. Da waɗannan motoci ake kai ma'aikata tsinkar auduga a Jazira, da su ake kwaso dawa da riɗi daga Dali da Mazmum.

Matsalar tana wajen takarda. Kamfanin inshora, ko ta'min kamar yadda muke cewa, abin da aka rubuta a lasisi yake ɗaukar nauyinsa: lambar inji, lambar shasi, yawan lodi, yawan fasinja, da ko motar gida ce ko ta haya. Idan takarda ta ce boksi na ɗaukar kaya ne, aka yi haɗari da mutum goma sha biyar a bayansa, to kamfani zai ce ba wannan motar ya sani ba. Yana iya ƙin biya, ko ya biya waɗanda aka cuta sannan ya dawo kan mai mota ya nemi kuɗinsa.

Ta'min iri biyu ne. Akwai na dole, wanda ake kira taraf talit, ba a sabunta lasisi sai da shi. Shi ke biyan wanda ka yi wa ɓarna a jikinsa ko ransa, amma ko kwabo ba ya ba ka na gyaran motarka. Sai shamil, wanda ya haɗa da motar kanta. Masu tsofaffin motoci sukan raina na farko, wai kuɗin shiga ne kawai na 'yan murur. A ganina shi ne ma ya fi muhimmanci, saboda diyya.

Dokar laifuka ta 1991 ta sa diyyar rai raƙuma ɗari ko kimarsu, Alƙalin Alƙalai ke yanke adadin. A 2016 an ɗaga ta daga jine 30,000 zuwa 330,000, ninki goma sha ɗaya a lokaci guda, kuɗin ta'min ma ya bi ta ya hau. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, dokar ta lissafa kamfanin ta'min cikin aƙila, wato masu ɗaukar diyyar kisan kuskure, tare da dangin uba. Ma'ana, in kamfani ya zame, nauyin yana faɗowa kan direba da 'yan'uwansa. A nan ne ake sayar da shanu, a jinginar da gona, a yi ta yawo gida-gida da takardar neman taimako bayan sallar Juma'a. Rai ɗaya ke nan fa. Boksin da ya kife da 'yan ƙwadago ba rai ɗaya yake ɗauka ba.

Shamil kuwa, gaskiya ga mota mai shekara talatin ko arba'in lissafinsa bai cika fita ba. Kamfanoni ba sa ɗokin karɓarta, in sun karɓa sukan zaftare kason tsufa a kan kowane sabon kayan gyara. Ga kuma faɗuwar jine: kimar da aka rubuta a farkon shekara, kafin ƙarshenta ba ta sayen rabin motar. Rumfa, benci, tankin ƙari da sabon injin da ka kashe wa kuɗi, in ba a rubuta su da sunansu ba, kamar babu su.

Sai maganar yaƙi. Daga Disamban 2023 da Madani ta faɗa hannun Dakarun Kai Ɗaukin Gaggawa, zuwa Janairun 2025 da soja suka dawo da ita, an kwashe motocin mutane ba adadi a ƙauyukan Jazira, haka ma a yankin Singa a 2024. Takardar ta'min ta yau da kullum, ko shamil ce, ta cire asarar yaƙi. Yanzu da ake tayar da motocin da aka tsinto, wannan ba taya, wancan ba inji, ana haɗa su da kayan da aka saya a kasuwa, a kula ƙwarai. Injin da ba shi da takardar saye yana iya zama na wani bawan Allah da ke nemansa, kuma lambarsa ba za ta dace da lasisinka ba.

Akwai dattawanmu da har yau suke ƙyamar inshora, suna ganin caca ce. Malam, a nan ƙasar aka fara warware wannan. Bankin Faisal ya kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a duniya a Khartoum a 1979, kuma tun 1992 doka ta mayar da duk kamfanonin Sudan kan tsarin taimakekeniya. Kuɗin da ka zuba gudummawa ce a asusun masu ta'min, rarar da ta saura kuma tasu ce. Ka tambayi rabonka ranar sabuntawa, haƙƙinka ne. Amma fa tunda asusun na jama'a ne, wanda ya rubuta motarsa ta gida alhali haya yake yi da ita, 'yan'uwansa ya ci wa kuɗi.

Hanyar gyara ba ta da wani sirri, sai dai wahala da 'yan kuɗi. A kai motar binciken 'yan murur, a rubuta canjin inji ko na bodi a lasisi, sannan a kai wa kamfani sabuwar takardar, a tabbata an rubuta adadin fasinja da direba da yaron mota. Kuɗin shekara zai ƙaru, babu shakka. In kuma tsautsayi ya faɗa, a sanar da murur nan take, a karɓa wa masu rauni urnik 8, kada a yi sulhu a zauren mai unguwa kafin kamfani ya sani, domin alkawarin da aka ɗauka a bayan idonsa ba lallai ya cika shi ba.