Ina ake samun zanen gangar jirgin kwantena in mutum na son ƙera ƙaraminsa?

Wanda ya bibiyi labarin jirgin Ever Given a watan Maris na 2021 zai tuna hoton nan: 'yar motar haƙa ƙasa tana cakular gaɓar mashigin Suez, ga goshin jirgi a kanta kamar tsauni. Kwana shida jirgin ya yi a gicciye, ya tare hanya. Yawancinmu girman muka kalla, tsawon mita 400 ba wasa ba ne. Amma in kai mai sha'awar ƙera ƙananan samfuran jiragen ruwa ne, abin da zai ja idonka daban ne: jan ɓangaren nan na ƙasa, da kumburarren hancin da ya cake a gaɓa. Wannan shi ne ɓangaren da ruwa ke ɓoyewa kullum, kuma shi ne ya fi wuyar samu a zane.

Saman jirgin kwantena ba shi da wani sirri. Akwatuna ne a jere, da ginin matuƙa, da bututun hayaƙi, duk ana ganinsu a hoto. Matsalar tana gangar jirgin, wato ƙoƙon da ke zaune cikin ruwa. Mutum zai iya samun zanen jirgin yaƙin da aka ƙera shekara ɗari da suka wuce cikin sauƙi, domin gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich da ke Ingila kaɗai yana ajiye da zane kusan miliyan ɗaya. Amma ka nemi cikakken zanen gangar jirgin kwantenar da ke yawo a teku yau, sai ka sha wuya.

Ba rowa ce kawai ba, maganar mai ce. Siffar ganga ita ke yanke yawan turjiyar da ruwa zai yi wa jirgi, turjiyar kuma ita ke yanke yawan man da injin zai sha. Jirgin da zai yi shekara ashirin ko fiye yana zirga-zirga tsakanin Asiya da Turai, ko kashi ɗaya cikin ɗari aka rage masa na shan mai, kuɗi ne mai yawa. Masu tsara jiragen sun kashe dukiya wajen gwaji kafin su kai ga wannan siffa, saboda haka ba za su miƙa ta ga abokan hamayya a banza ba. Har bayan an gama jirgi ba a daina taɓa gangar ba. Bayan 2008, da kamfanoni suka koma tafiya a hankali don tsimin mai, irin su Maersk sun yanke hancin wasu jiragensu suka sa sabo wanda ya dace da sabon gudun. Ka ga ke nan ko hoto ka samu, sai ka duba na wace shekara ne.

Zane iri biyu ne, kada a ruɗe

Na farko shi ne zanen fasalin jirgi gaba ɗaya. Yana nuna jirgin daga gefe da kuma daga sama: ina ginin matuƙa yake, rumbunan kaya nawa ne, ina injin yake. Wannan ana samunsa. Ƙungiyar masu tsara jiragen ruwa ta Birtaniya, RINA, tana fitar da littafi duk shekara mai suna Significant Ships, kuma a ciki akwai irin wannan zane tare da manyan ma'aunai na jiragen da aka zaɓa. Wasu masu jiragen ma kan sa shi a takardun tallarsu.

Na biyu shi ne zanen layukan ganga, kuma shi ne ake ɓoyewa. Don a fahimce shi, ɗauki doguwar doya a matsayin jirgi. In ka yanka ta gunduwa-gunduwa daga kai zuwa gindi, ka zana bakin kowace gunduwa a takarda ɗaya, wannan kan wancan, ka samu zane na ɗaya: yadda cikin jirgin ke buɗewa daga siririn goshi zuwa faffaɗan tsakiya, ya sake tsukewa wajen farfela. In ka kwantar da ita ka yanka falle-falle daga sama zuwa ƙasa, kowane falle na nuna siffar jirgin a wani zurfin ruwa. In kuma ka tsaga ta a tsaye bisa tsawonta, ka samu na uku. Dole ukun nan su yarda da juna a kowane ɗigo. In ɗaya ya saɓa, gangar za ta fito da ƙusumbi ko loɓawa. Galibi akan haɗa su da jadawalin lambobi mai faɗin nisan jikin jirgi daga tsakiya a kowace gunduwa da kowane zurfi. Wanda ke da jadawalin nan kaɗai zai iya sake zana jirgin da fensir da rula.

To, in masu jirgi sun hana, ina aka dosa? Amsar da muka fi gamsuwa da ita ta fito ne daga inda masu sha'awar ƙira ba su cika leƙawa ba, wato ɗakunan bincike.

Masu nazarin tafiyar jirgi cikin ruwa su ma wannan matsalar ta dame su. In wani ya rubuta manhajar lissafin turjiyar ruwa a Japan, wani ya rubuta tasa a Jamus, ta yaya za a san wadda ta fi daidai in ba ganga ɗaya kowa ya gwada ba? Gangar kamfani kuwa ba a yarda a raba ta. Shi ya sa cibiyar binciken jiragen ruwa ta Koriya ta Kudu, KRISO, ta tsara wata ganga a ƙarshen shekarun 1990 ta sake ta ga kowa. Sunanta KCS. Jirgi ne mai ɗaukar kwantena 3,600 masu ƙafa 20. Tsawon da ake lissafi da shi mita 230, faɗi mita 32.2, zurfin nutsewa mita 10.8. Yana da kumburarren hanci da faffaɗan baya irin na jiragen zamani. Abin mamakin shi ne ba a taɓa ƙera babbansa ba. Samfura kawai aka yi, wanda aka fi sani mai tsawon mita 7 da ɗoriya, aka ja su a tafkunan gwaji. Tun daga taron masana na Gothenburg a 2000 ake auna manhajoji da shi, kuma shafukan intanet na irin waɗannan tarukan sun ɗora fayilolin siffarsa don a sauke.

Wanda ke son ƙato kuma, akwai DTC da masu bincike a Jami'ar Duisburg-Essen ta Jamus suka wallafa a 2012: jirgin kwantena 14,000, tsawo mita 355, faɗi mita 51, zurfi mita 14.5. Wannan ma fayil ɗinsa yana zuwa cikin darussan gwaji na manhajar OpenFOAM, wadda kyauta ce. Da fayil a hannu, manhajojin zanen jirgi irin su DELFTship da FREE!ship, ko ta zane irin FreeCAD, za su taimaka wajen fitar da gunduwoyin a girman da mutum yake so, ya buga a takarda.

A nan wani zai ce, ai ni jirgi kaza nake son yi mai suna kaza, ba jirgin da ba ya duniya ba. Gaskiya ne. Amma duba faɗin KCS, mita 32.2. Ba da ka aka zaɓe shi ba. Tsofaffin ƙofofin mashigin Panama ba sa karɓar jirgin da ya wuce mita 32.3, don haka ɗimbin jiragen wancan zamani a kan wannan faɗin aka yi su, masu jera kwantena 13 daga gefe zuwa gefe. In jirgin da kake so ɗan wannan gida ne, KCS ɗan'uwansa ne na kusa. In ya fi tsawo, ka raba gangar a inda ta fi faɗi ka ƙara yanki a tsakiya, yadda ake yi wa jiragen gaske in ana son ƙara musu tsawo. Abin da ba ma ba da shawara shi ne a ja dukkan gangar a kwamfuta kamar roba. Hancin zai miƙe ya zama wani abu daban, gurbin farfela ma ya karkace.

Sauran gyara daga hotuna ake yinsa, kuma jirgin kwantena yana ɗauke da rularsa a ka. Faɗin kowace kwantena mita 2.438 ne, tsawon ƙaramar mita 6.058, babbar mita 12.192, irin dai waɗanda ake mayarwa shago a kasuwa. Ka ƙirga layuka a hoto, ka san nisa. A goshi da baya kuma akwai lambobin zurfi da aka rubuta a jiki, waɗanda a tsarin mita tsayin kowace lamba santimita 10 ne, tazarar da ke tsakaninsu ma 10. Hoton jirgi a busasshen wurin gyara ya fi kowane daraja. A nema da lambar IMO mai alƙaluma bakwai, don suna yana canzawa in an sayar da jirgi, lambar ba ta canzawa.

Kafin a sayi katako, a yi lissafi

Nan ne mutane ke faɗawa rami. Sikelin 1:100 yana nufin an raba tsawo da 100. Amma nauyi ba da 100 ake raba shi ba, da 100 sau 100 sau 100 ne, wato miliyan ɗaya, domin tsawo da faɗi da zurfi duk sun ragu. KCS yana ture ruwa kimanin mita-kubik 52,000. A 1:100 samfurin zai yi mita 2.3 a tsawo, santimita 32 a faɗi, kuma sai ya kai kilo 52 kafin ya zauna a layinsa na ruwa. Buhun siminti guda ke nan da ɗoriya, kuma da hannu za ka kai shi bakin tafki. A 1:200 kuwa tsawon ya koma mita 1.15, nauyin ya faɗo zuwa kilo 6 da rabi. An raba tsawo biyu, nauyi ya rabu takwas. Sai dai cikin kilo shidan nan da rabi dole a cusa komai: ganga, batir, inji, da kaya.

Wasu na sha'awar 1:87 saboda sikelin ƙananan jiragen ƙasa ne, ana samun kwantenoni ƙerarru a kasuwarsu. Amma Emma Maersk, mai mita 397, za ta fito sama da mita 4 da rabi a wannan sikeli. A tambayi ɗaki tukuna.

Gangar da aka riga aka zuba da faiba akwai masu sayarwa, ƙananan masana'antu a Birtaniya da Jamus musamman, amma kasuwarsu ta fi karkata ga jiragen yaƙi da masu jan jirgi. Ta kwantena ba ta da yawa, kuma aika abu mai tsawon mita biyu zuwa wata ƙasa na iya fin kuɗin abin kansa. Wanda ado kawai yake so, Revell ta yi Colombo Express na roba a 1:700, Lego kuma ta fitar da Maersk Triple-E a 2014. Akwai ma tsohuwar al'adar 1:1250 inda ake yanke jirgin daidai layin ruwa a ɗora a tebur, ka ga an huta da maganar ganga gaba ɗaya.

Mai son nasa ya yi iyo, hanya biyu ce tsofaffi, kuma kowace ta fito ne daga yankan doyar nan. Ko ka yanko gunduwoyin a siririn katako, ka jera su a kan ƙashin baya kamar haƙarƙari, ka lulluɓe da siraran filaye. Ko ka yanko fallayen kwance a allunan katako, ka ƙwaƙule cikinsu, ka manna wannan kan wancan da gam, sannan ka sassaƙe matakalar da ta fito har ta yi sumul. Ta biyun ta fi dacewa da hanci da wajen farfela, inda lanƙwasa ta yi tsanani. Da yawa kan haɗa: tsakiya da haƙarƙari, kai da gindi da sassaƙa, ko a buga su da na'urar 3D.

Gudu ma yana da ƙa'idarsa, wadda William Froude ya tabbatar a tafkin gwajinsa na Torquay a farkon shekarun 1870. Ana raba gudun babban jirgi da lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da sikelin. Ga 100, lambar 10 ce. KCS an tsara shi ya yi kusan kilomita 44 a awa, wato mita 12.3 a daƙiƙa, don haka samfurin 1:100 zai yi mita 1.2 a daƙiƙa, tafiyar mutum a ƙafa. A wannan gudun ne igiyar ruwan da ke tashi a goshinsa za ta yi kama da ta gaske. In ya wuce haka, ya koma kwalekwale mai inji.

Ƙa'idar tana aiki ta baya ma, kuma nan ne jirgin kwantena ya fi sauran shan wahala. 'Yar iskar yamma mai mita 3 a daƙiƙa, wadda ko hula ba za ta cire maka ba, a wurin samfurin 1:100 daidai take da mita 30 a daƙiƙa, guguwa sosai. Ga kuma bangon kwantenoni a tsaye yana tare ta. Don haka kada a yi kwantenonin saman da dunƙulen katako ɗaya-ɗaya. A yi kowane rukuni a matsayin akwati guda mara komai a ciki, da kwali ko siririyar roba, a zana layukan a jiki. Dalma da batir su kwanta can ƙasan ganga, a ɗaure su yadda ba za su zame gefe ba. Gwajin farko kuma a yi shi a ruwan da bai wuce gwiwa ba, da sassafe kafin iska ta tashi.