Masu gadin da ke cikin baƙin mai

Duk wanda aka taɓa aike wurin mai ƙosai ya san yadda man gyaɗa ke komawa idan ya kwana biyu ana suya da shi. Sai ya yi duhu, ya yi kauri, ƙamshinsa ya juya. To, 'yan makaranta, irin abin da ke samun man kaskon nan shi ke samun baƙin man da ke cikin babur ɗin Baba, da adaidaita sahun da ke kai mu makaranta, da janaretan gida. Zafi ne da iskar oksijin ke haɗuwa su ci shi.

Mafi yawan baƙin mai, kamar kashi 75 zuwa 90 cikin 100, sarƙoƙin kabon da haidurojin ne, irin waɗanda muke zanawa a darasin kemistiri. Idan inji ya ɗau zafi, man kan kai digiri 100 a ma'aunin Salsiyas, kusa da fistan kuwa ya haura 200. A nan ne wata sarƙa ke tsinkewa ta bar gutsure mai neman abin da zai kama. Gutsuren ya cafki oksijin, ya fizgi haidurojin daga maƙwabciyar sarƙa, ita ma ta zama gutsure, haka ɓarnar ke yaɗuwa kamar wutar daji. Ɓurɓushin ƙarfe da jan ƙarfe da inji ke zubarwa kuma su ƙara mata sauri. Ƙarshenta man ya zama asid mai cin ƙarfe, da dasƙararren datti mai toshe hanyoyin mai. Masana na da wani ƙiyasi: duk ƙarin zafi na digiri 10, saurin lalacewar kan kusa ninkawa. Ku tuna da zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda rana kan wuce digiri 40 tun ba a tayar da inji ba.

Saboda haka kamfanoni ke zuba wasu sinadaran kabon kaɗan a cikin man don su yi gadi. Akwai dangin fenol, kamar BHT, wanda ake sa wa har a wasu kayan abinci na leda don kada mansu ya lalace. Akwai kuma dangin amin, masu naitirojin, waɗanda suka fi jure zafi mai tsanani. Aikinsu ɗaya ne: da zarar gutsure ya ɓullo, sai mai gadi ya miƙa masa nasa haidurojin, gutsuren ya lafa, sarƙar ɓarna ta yanke. Bitamin E ma ɗan dangin fenol ne, irin wannan gadin yake yi a jikinmu.

Dattijo a cikinsu shi ne ZDDP, mai ɗauke da tutiya da fosfaras da farar wuta, wanda ake amfani da shi tun shekarun 1940. Yana wargaza guba tun kafin ta haifi sababbin gutsattsari, yana kuma shimfiɗa siririn rufi a kan ƙarfe don rage gogayya. Aibinsa shi ne fosfaras na lalata matatar hayaƙin motocin zamani, shi ya sa aka rage yawansa.

Abin da muke so ku riƙe shi ne masu gadin nan ƙarewa suke yi. Kowane ya ba da haidurojinsa, ƙarfinsa ya ragu, kuma ranar da suka ƙare man zai lalace cikin sauri. Wannan ne dalilin yin juye a kan lokaci, ko da man bai yi baƙi sosai ba. Launi ma yakan yi ruɗi, domin mai na kirki kan yi baƙi da wuri saboda yana kwashe dattin inji. Tsohon man da aka tace da ƙyalle aka ɗura a gora kuwa, ko ya yi kyan gani, masu gadinsa sun mutu tun a injin farko. Arahar da aka samu a kansa ba ta kai kuɗin gyaran injin da ya buga ba, kuma a gidaje da yawa babur ɗin nan ne ke biyan kuɗin makaranta.

Ranar da za a yi juye a gida, ku karɓi galan ku duba bayansa. Za ku ga API, wato cibiyar man fetur ta Amurka, sai haruffa irin su SL, SN ko SP. SL na shekarar 2001 ne, SN na 2010, SP kuma na 2020, kuma kowane sabo sai ya ci jarrabawar jure zafi da ta fi ta baya tsauri. Littafin injin shi zai faɗa muku wanda ya dace da shi da lokacin juye.