Gyara ko Sauya Kama? Muhawarar 'Yan Wasa a Kan Sigar Director's Cut ta Wasan Deus Ex: Human Revolution

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani ne a kan abin da ke faruwa da wasan bidiyo idan aka ƙaurar da shi zuwa wata sabuwar na'ura, aka kuma yi masa ƙari. An ɗauki wasan Deus Ex: Human Revolution a matsayin misali, wanda ya fito a shekarar 2011, sannan aka sake fitar da shi a 2013 da sunan Director's Cut, musamman domin na'urar Wii U. Maƙalar ta fayyace tsarin wasan, da kukan da 'yan wasa suka yi a kansa, da gyare-gyaren da aka yi, da saɓanin da ya biyo baya. An gano cewa tushen muhawarar tambaya ce da manazarta adabi suka daɗe da sani, wato wace siga ce za a kira ta asali idan aiki ɗaya ya fito a fuska biyu.

1.0 Gabatarwa

Littafi yakan fito a bugu na biyu, a gyara masa kurakurai ko a ƙara masa babi, amma takarda tana nan a matsayin takarda. Lamarin wasan bidiyo ya sha bamban, domin kowace na'ura tana da nata ƙarfi, da nata abin riƙewa a hannu, da nata iyakoki. Saboda haka ƙaurar da wasa daga wata na'ura zuwa wata aiki ne na sake gini, wanda sau da yawa wani kamfani dabam ake ba kwangilarsa. Kamfanoni kuma sukan yi amfani da wannan dama su cusa ƙarin abubuwa, don su jawo wanda bai taɓa saya ba, su kuma sa wanda ya saya ya sake buɗe aljihu. A nan ne ra'ayoyin 'yan wasa kan rabu, kuma nazarin wannan rabuwa yana bayyana abin da suke ɗauka a matsayin ruhin wasan.

2.0 Wasan da Duniyarsa

Kamfanin Eidos-Montréal da ke ƙasar Kanada ne ya ƙirƙiri Deus Ex: Human Revolution, kamfanin Square Enix na Japan kuma ya fitar da shi a watan Agusta na 2011, domin kwamfuta da PlayStation 3 da Xbox 360. Labarinsa share fage ne ga wasan Deus Ex na farko, wanda kamfanin Ion Storm ya fitar a 2000 a ƙarƙashin jagorancin Warren Spector.

Wasan ya faɗo cikin rukunin ƙagaggun labaran kimiyya da ake kira saibafonk, rukunin da fim ɗin Blade Runner na 1982 da littafin Neuromancer na William Gibson na 1984 suka kafa wa harsashi. Jigon irin waɗannan labarai shi ne duniyar da fasaha ta yi nisa amma talaka ya ƙara shiga uku, inda manyan kamfanoni suka fi gwamnatoci ƙarfi. An gina labarin a shekarar 2027, lokacin da ake dasa wa mutane gaɓoɓin inji. Duk wanda aka yi wa dashen sai ya dogara da wani magani mai tsada mai suna Neuropozyne, in ba haka ba jikinsa ya ƙi karɓar abin da aka dasa. Tauraron labarin, Adam Jensen, shi ne shugaban tsaro na kamfanin Sarif Industries da ke birnin Detroit. An kai wa kamfanin hari, aka yi masa raga-raga, aka ceto ransa ta hanyar dashen da bai nema ba. Binciken maharan ya kai shi Hengsha ta ƙasar Sin, da Montreal, da Singafo.

Ginshiƙin wasan shi ne zaɓi. Ɗan wasa yana iya shiga gini da harbi, yana iya bi ta bututun iska, yana iya yin kutse a kwamfutar masu gadi ya kashe kyamarori, yana kuma iya shawo kan mutum da lafazi. Sai dai tsarin ya fi karkata ga sanɗa, wato wucewa ba tare da an gan ka ba. Sumar da maƙiyi yana kawo maki fiye da kashe shi, haka ma kammala aiki ba tare da wani ya farga ba. Da waɗannan maki ne ake buɗe sababbin baiwowin gaɓoɓin Jensen. Har ma akwai lambar yabo ta musamman ga wanda ya gama wasan bai kashe kowa ba.

3.0 Kukan Farko: Karo da Manyan Maƙiya

Duk da yabon da wasan ya samu, akwai wuri guda da kusan kowa ya yi tir da shi. A matakai uku na labarin, akan kulle Jensen a ɗaki ɗaya da wani ƙasurgumin sojan haya: Lawrence Barrett, sai Yelena Fedorova a Montreal, sai Jaron Namir a Singafo. A waɗannan wurare babu bututun ɓuya, babu kwamfutar kutse, babu zancen lallashi. Dole a yi musayar wuta har ɗaya ya faɗi.

Illar wannan ta fi faɗa wa wanda ya bi wasan yadda aka kwaɗaitar da shi. Mutumin da ya zuba makinsa a kan kutse da tafiya ba amo, yana ɗauke da bindigar sumarwa kawai, sai ya tsinci kansa a gaban Barrett mai bindiga a madadin hannu. Wanda kuwa ya buɗe makamin Typhoon, mai watsa ƙwallayen ƙarfe ta kowace fuska, yakan gama da su cikin ɗan lokaci. Ma'ana, wasan ya hukunta wanda ya amince da alƙawarinsa. Daga baya ta bayyana cewa wani kamfani dabam, Grip Entertainment, aka ba aikin haɗa waɗannan fage, masu wasan kuma suka amince a fili cewa ba su dace da sauran aikin ba.

A watan Oktoba na 2011 aka fitar da ƙarin babi na sayarwa mai suna The Missing Link. Ya cike giɓin kwana uku da Jensen ya ɓace a cikinsu bayan ya ɓuya a wani jirgin ruwa a Hengsha. An kama shi, aka ƙwace makamansa, aka kashe baiwowinsa, aka kai shi wani sansani na kamfanin tsaro na Belltower a tsakiyar teku. Abin lura shi ne babban maƙiyin wannan babi, Pieter Burke, ana iya lallaɓawa a sumar da shi. Wannan ya nuna wa 'yan wasa cewa gyaran mai yiwuwa ne.

4.0 Sigar 2013 da Abin da Ta Ƙunsa

A farkon 2013 aka sanar da Director's Cut a matsayin wasan Wii U kaɗai, aka kuma ba kamfanin Straight Right na Ostareliya aikin ƙaurar, shi ne wanda ya kai Mass Effect 3 kan wannan na'ura. A watan Yuni aka sauya magana, aka ce zai fito a PlayStation 3 da Xbox 360 da kwamfuta ma. Ya shiga kasuwa a watan Oktoba.

Na'urar Wii U ta Nintendo tana da abin riƙewa mai ɗauke da ƙaramin allon taɓawa. A kan wannan allo aka mayar da taswira, da jakar kaya, da wasan kutse, ta yadda talabijin ta zama ta kallon fage kawai. Ga mai sanɗa wannan ba ƙaramin sauyi ba ne, domin yana iya duban inda masu gadi suke ba tare da ya dakatar da wasa ba. A sauran na'urorin an kwaikwayi wannan ta hanyar PlayStation Vita da manhajar SmartGlass.

Sauran ƙarin sun haɗa da saka The Missing Link a gurbinsa cikin labari, da aikin ceto ɗan Tong, wanda a da sai masu wani kunshi na musamman ke samu. An ƙara sharhin murya na masu ƙirar na kimanin awa takwas, da fim na yadda aka yi aikin, da damar sake fara wasan da baiwowin da aka riga aka buɗe. An sassauta tsarin kuzarin Jensen, inda batiri biyu ke cika da kansu maimakon ɗaya. Mafi muhimmanci, an faɗaɗa ɗakunan karo uku ɗin nan, aka sa musu bututun iska, da ƙarin ɗakuna, da kwamfutocin da za a yi wa kutse a juya bindigogi masu sarrafa kansu a kan maƙiyi.

5.0 Wuraren Saɓani

5.1 Gyaran Karo

Masu goyon baya sun ce yanzu kowane salon wasa yana da mafita, mai kutse zai iya yin nasara ba tare da ya harba harsashi ba. Masu suka kuwa sun nuna cewa da sauran rina a kaba, domin ko ta wace hanya aka bi, Barrett da Fedorova da Namir mutuwa suke yi, tunda haka aka riga aka tsara hotunan labarin. An faɗaɗa hanyar kisa, amma ba a ba da zaɓin barin rai ba. Wannan suka tana da ƙarfi, saboda ta nuna iyakar abin da gyara zai iya yi wa aikin da aka riga aka kafa wa ginshiƙi.

5.2 Cusa Ƙarin Babi

A 2011 The Missing Link zaman kansa yake yi, mai so ya buɗe shi lokacin da ya ga dama. A sigar 2013 ya zama tilas, kuma ya zo ne daidai lokacin da labari ya doshi ƙarshe. Ɗan wasan da ya shafe sa'o'i masu yawa yana gina Jensen sai a tuɓe masa komai, ya yi wasu sa'o'i kafin ya koma kan hanya. Wasu sun yaba da haka, suna ganin ya dawo da tsoro da taka-tsantsan na farkon wasa, lokacin da kowane mai gadi barazana ne. Wasu kuma suna ganin ya katse numfashin labari, kamar a tsayar da mai ba da tatsuniya ana dab da jin ƙarshe a ce ya kawo wata. Duka ɓangarorin sun yarda babin yana da kyau. Gurbinsa ne abin jayayya.

5.3 Launin Zinare

Sigar farko ta shahara da launin baƙi da ruwan zinare da ya lulluɓe kowane fage. Daraktan zane, Jonathan Jacques-Belletête, ya danganta wannan salo da zamanin Farfaɗowar Turai, wasan kuma cike yake da ishara ga tatsuniyar Girkawa ta Ikarus, wanda ya tashi da fikafikan kakin zuma har rana ta narkar da su. A Director's Cut an rage wannan launi ƙwarai. Waɗanda suka gaji da shi sun yi murna, amma wasu sun ce garin neman gira an rasa ido, domin launin yana ɗauke da ma'ana, ba ado ba ne kawai. Har ta kai wasu masu ilimin manhaja sun ƙirƙiri gyara na kashin kansu don mayar da shi a sigar kwamfuta.

5.4 Farashi da Inganci

A Amurka an sayar da sigar Wii U a kan kusan dala 50, ta PlayStation 3 da Xbox 360 kusan dala 30, ta kwamfuta kuwa kusan dala 20. Masu Wii U, waɗanda aka fara yi wa alƙawarin wasan nasu ne su kaɗai, sai ga shi su ne masu biya mafi tsada. Masu kwamfuta kuma sun koka da cewa wasu kurakuran da aka riga aka gyara a tsohuwar siga sun sake ɓullowa a sabuwa, abin da ya ƙarfafa ra'ayin cewa an gina ta ne da na'urorin talabijin a zuciya.

6.0 Abin da Muhawarar Ta Bayyana

Sunan Director's Cut aro ne daga masana'antar fim, inda yake nufin sigar da ta dace da nufin darakta. A nan kuwa yawancin sauye-sauyen amsa ce ga kukan 'yan wasa da kuma buƙatar sabuwar na'ura. Ke nan hannun masu wasa ya shiga cikin aikin, kuma da wuya a ce ga inda nufin mai ƙira ya tsaya, ga inda matsin kasuwa ya fara.

Akwai kuma batun adanawa. Bayan fitowar sabuwar siga an daina sayar da tsohuwar a shagon Steam, don haka sabon mai saye ba shi da zaɓi a can. A ɓangaren Wii U, Nintendo ta rufe dandalin Miiverse a 2017, wanda wasan ke amfani da shi wajen musayar saƙonni tsakanin 'yan wasa, ta kuma rufe shagon na'urar na intanet a 2023. Sigar da aka fi yi wa tanadi ta zama wadda ta fi wuyar samu. Mai nazarin littafi yana iya ajiye bugu biyu a gabansa ya kwatanta. Mai nazarin wasa sai ya mallaki tsohuwar na'ura mai aiki da faifan da ya dace da ita.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Director's Cut ya magance babban aibin Deus Ex: Human Revolution gwargwadon hali, ya kuma haifar da sababbin tambayoyi game da zubin labari, da launi, da adalcin farashi. Wanda ya fi damuwa da 'yancin sanɗa zai fifita sigar 2013, wanda kuma ya fi damuwa da kamanni da saurin labari zai riƙe ta 2011. Darasin da ke ciki ga manazarta shi ne, duk wanda zai yi sharhi a kan wasan bidiyo ya wajaba ya ambaci sigar da ya duba, da na'urar da ya yi amfani da ita, da shekarar fitowarta, kamar yadda ake ambaton bugu da maɗaba'a a nazarin littafi.