Me Ya Sa Masu Shirya Fim na Kano Ba Sa Tsufa a Bayan Kyamara?

A 2024 Clint Eastwood ya fitar da sabon fim yana da shekara 94, shi ya ba da umarni, kuma yana cikin masu shiryawa. A Amurka wannan ba baƙon abu ba ne: mutum yakan shafe shekara hamsin yana rubutu, yana shiryawa, yana ba da umarni, sana'ar na riƙe da shi. A Kano kuwa, waɗanda suka kafa masana'antar a farkon shekarun 1990 da yawansu sun koma gefe tun da sauran ƙarfinsu.

Ado Ahmad Gidan Dabino misali ne mai kyau. Daga rubutun littafi ya shigo. Littafinsa In Da So Da Ƙauna ya karaɗe gidajen Hausawa, daga nan aka mayar da shi fim a 1994, shekara huɗu bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya. Shi da abokansa na ƙungiyar marubuta ta Raina Kama sun zo da abu mafi tsada a wannan harka, wato labari mai kai da gindi. A lokacin mutum ɗaya ne marubuci, shi ne furodusa, wani lokaci har ya fito a ciki, domin babu jarin da za a raba aiki.

Kasuwa ce ta fara juya musu baya. Bayan fim ɗin Sangaya a 1999, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai, waɗanda su ke sayen fim su buga su rarraba, suka gane cewa waƙa da rawa ne ke sayar da kaset. Sai aka koma tambayar waƙoƙi nawa ne a ciki kafin a tambayi labarin. Marubuci ya zama ɗan rakiya. Ga kuma yadda cinikin yake: furodusa kan sayar da fim gaba ɗaya, ya karɓi kuɗinsa sau ɗaya, shi ke nan. A ganina nan ne tushen matsalar. A Amurka ƙungiyar marubuta ta daɗe da ƙwato wa 'ya'yanta kaso duk lokacin da aka sake nuna aikinsu, kuma wannan kaso na cikin abin da ya fitar da su yajin aiki a 2023. Namu dattijon, fim ɗinsa zai yi ta yawo shekara ashirin bai ga ko sisi ba.

Sai takura ta biyo baya. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Kano a 2001, kuma daga 2007, zamanin da Abubakar Rabo ke shugabantar ta, aka matsa lamba sosai. A ƙarshen 2008 aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyantama a kan fim ɗinsa Tsintsiya. Wasu suka koma Kaduna da Jos, wasu suka haƙura da sana'ar.

Wanda yake son ganin sakamakon ya leƙa Rano ko Kibiya. A da, a irin waɗannan garuruwa kaset da faifai ake ciniki. Yau matashi ne da kwamfuta a ɗan shago yana tura fina-finai a waya da kuɗi kaɗan, na Hausa da fassarar Indiya a haɗe. Masu kallo sun ƙaru, abin da ke komawa ga mai fim ya ragu. Ban ga laifin yaron shagon ba, abincinsa yake nema. Tsarin ne bai taɓa tanadar hanyar da kuɗin zai bi ya koma ba.

Akwai abin farin ciki duk da haka. Zuwan tashar Arewa24 a 2014 da shirin Daɗin Kowa, sannan Labarina na Aminu Saira da Izzar So a YouTube, ya dawo da martabar labari, domin shiri mai dogon zango ba ya rayuwa da waƙa kaɗai. Juyin Sarauta na Balaraba Ramat Yakubu, wanda Gidan Dabino ya fito a ciki, ya nuna cewa hannun tsofaffin bai mutu ba. Amma wannan sabuwar kasuwa ta masu saurin fitar da sabon shiri ce duk mako, kuma ba ta cika neman dattawa ba. Asarar ta fi yawa a wajen matasa, waɗanda ke koyon aiki ba tare da wanda zai ce musu nan kun kauce ba.

Da an gina ƙauyen fim da gwamnatin tarayya ta shirya yi a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, maƙwabciyar Rano, da wataƙila an sami makarantar da irin su Gidan Dabino da Ibrahim Mandawari za su koyar. An janye shirin a 2016 bayan malamai sun nuna adawa, kuma tun daga lokacin muhawarar ta fi karkata ga tarbiyyar 'yan fim, batun haƙƙin mallaka da koyarwa ya zauna a baya.