Allah, iyali ko dukiya: Darasin da kisan Michael Nnadi ya bar wa Kiristocin Sakkwato

A ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo da ke gabashin jihar Sakkwato, tambayar me mutum ya fi so a duniya ta daina zama zancen hira. Duk gidan da 'yan bindiga suka taɓa sace wa mutum ya san yadda ake amsa ta: a sayar da babur, a sayar da shanun huɗa, in abin ya ƙi ci a jinginar da gona, domin dai a haɗa kuɗin fansa.

Yankin ya daɗe a cikin wannan hali. A watan Yulin 2018 an kashe mutum sama da 30 a harin ƙauyen Tabanni da ke Rabah, waɗanda suka tsira suka yi gudun hijira zuwa Gandi. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, inda gwamnatin jihar ta ce mutum 43 ne suka mutu.

Mafi yawan waɗanda abin ke rutsawa da su Musulmi ne, domin su ne mafi rinjaye a yankin. A Wurno kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, a Rabah kuma aka haifi Sardauna Ahmadu Bello. Kiristoci a nan 'yan tsiraru ne, galibi waɗanda aiki ko kasuwanci ya kawo. Amma su ma hanya ɗaya suke bi da kowa, kasuwa ɗaya suke ci. Addininsu kuma ya riga ya jera musu abubuwan so: Allah a farko, mutane a bayansa, dukiya a ƙarshe.

A tsakanin mabiya ɗarikar Katolika na Sakkwato, da wuya a yi zancen wannan jeri ba a tuna da Michael Nnadi ba.

Ɗalibi huɗu aka sace, uku suka dawo

Michael yana da shekara 18 lokacin da Dayosis ɗin Sakkwato, wato yankin cocin da ke ƙarƙashin Bishop Matthew Hassan Kukah, ya tura shi karatun zama limamin coci. Makarantar ita ce Good Shepherd da ke Kakau, a gefen hanyar Kaduna zuwa Abuja. Maraya ne, ɗan tagwaye, kuma a hannun kakarsa ya tashi.

A daren 8 ga Janairun 2020 wasu mutane ɗauke da bindigogi suka kutsa makarantar suka tafi da ɗalibai huɗu, har da shi. Bayan kwana goma aka tsinci ɗaya a gefen hanya da munanan raunuka. A ƙarshen watan aka sako biyu. Ranar 1 ga Fabrairu Bishop Kukah ya sanar da cewa an gano gawar Michael.

Bayan 'yan watanni 'yan sanda suka kama waɗanda ake zargi. Ɗaya daga cikinsu ya shaida wa jaridar Daily Sun cewa tun ranar da suka kama yaron bai daina yi musu wa'azi ba, yana faɗa masa ido da ido ya bar mugun aikin da yake yi. Ya ce hakan ne ya sa ya kashe shi.

Wannan bayani ne ya sa Kiristoci da dama ke ɗaukar Michael a matsayin wanda ya mutu saboda imaninsa. Da ya kama bakinsa, wataƙila da ya dawo wajen kakarsa kamar yadda sauran ukun suka koma gida.

Me koyarwar ta ce?

Tushen koyarwar yana cikin Littafi Mai Tsarki. A Matiyu 10:37 Yesu Almasihu ya nuna cewa wanda ya fi son uba ko uwa ko ɗa fiye da shi bai cancanci zama mabiyinsa ba. A Markus sura 10 akwai labarin wani attajiri da ya zo neman rai madawwami, aka ce ya sayar da abin da ya mallaka ya raba wa matalauta. Mutumin ya juya ya tafi yana baƙin ciki, domin dukiyarsa na da yawa.

Akwai kuma ƙissar Annabi Ibrahim da aka umarta ya yanka ɗansa, wadda Musulmi ke tunawa da ita duk shekara a Babbar Sallah. A wajen Kiristoci ɗan Ishaku ne, yayin da mafi yawan malaman Musulunci ke cewa Isma'il ne. Sai dai ɓangarorin biyu sun haɗu a kan cewa Ibrahim bai fifita ɗansa a kan umarnin Ubangijinsa ba.

Ayar da ta fi ɗaure wa mutane kai ita ce Luka 14:26, inda aka yi amfani da kalmar ƙi game da iyaye da mata da 'ya'ya. Malaman Kirista kan fassara ta da cewa salon magana ne na Yahudawan wancan zamani, wanda ke nufin a so wani abu ƙasa da wani. Hujjarsu ita ce littafin da kansa ya wajabta girmama iyaye. A Markus sura 7 Yesu ya tsawata wa masu fakewa da cewa sun keɓe dukiyarsu ga Allah don kada su taimaki iyayensu. Wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Timoti kuma ta ɗauki wanda bai kula da iyalinsa ba a matsayin wanda ya musanta imani.

Ke nan babu wanda aka ba lasisin yin watsi da gidansa da sunan ibada. Abin da ake nema shi ne idan ranar zaɓi ta zo, mutum ya san wanda zai bi.

Inda dukiya ta zo ƙarshe

Cocin da ya rasa Michael bai tsira daga biyan kuɗin fansa ba. A watan Mayun 2022 'yan bindiga sun sace limamai biyu daga cocin St. Patrick da ke Gidan Maikambo a ƙaramar hukumar Ƙafur ta jihar Katsina, wadda a lokacin take ƙarƙashin Dayosis ɗin Sakkwato. Sun yi kimanin wata guda a daji kafin a sako su. Daga baya Bishop Kukah ya fito fili ya ce sun kashe sama da naira miliyan 30 wajen ceto ma'aikatan cocin.

Ana ta muhawara a kan biyan fansa, domin kuɗin na komawa sayen makamai. Amma lissafin da cocin ya yi bai bambanta da na manomin Goronyo da ke sayar da sa don ya karɓo ɗansa ba. Rai ya fi dukiya.

Barin gida saboda addini kuma ba sabon abu ba ne a tarihin Kiristanci a Arewa. A 1893 matasa uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka iso Legas da niyyar shiga ƙasar Hausa. Kafin 1894 ta ƙare zazzaɓi ya kashe biyun farko. Ƙungiyar SIM da Bingham ya ci gaba da jagoranta ce ta haifi cocin ECWA, ita ce kuma ta fara riƙe asibitin kutare na Amanawa kusa da Sakkwato a ƙarshen shekarun 1930. A ɓangaren Katolika, limaman ƙungiyar Dominican daga Amurka ne suka kafa aikin da ya zama cikakken Dayosis a 1964. Har yau duk mai son zama limamin Katolika sai ya yi alƙawarin ba zai yi aure ba, kuma zai je duk inda bishop ya tura shi.

Wa ke biyan farashin?

Ga mafi yawan mabiya, jarrabawar ba ta kai ta Michael ba. Takan zo ne a siffar ma'aikaciyar jinya da aka tura asibitin karkara, iyayenta na kira ta nemi canjin wuri. Ko ɗan kasuwan da aka yi wa tayin riba mai tsoka idan ya sayar da fetur ko abinci ga mutanen daji. Ko magidancin da aka kashe wa ɗan'uwa, zuciya na raya masa ramuwar gayya, addini na ce masa ya yafe.

Sai dai sadaukarwar mutum ɗaya ba a kansa kaɗai take ƙarewa ba. Michael ya bar kakar da ta raine shi da ɗan'uwan da suka zo duniya tare, kuma babu wanda ya tambaye su ko sun shirya.

Shi ya sa a wajen jana'izarsa da aka yi a makarantar ranar 11 ga Fabrairun 2020, Bishop Kukah bai tsaya a yabon marigayin ba. Ya hori Kiristoci kada su rama da tashin hankali, sannan ya ɗora wa gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari alhakin gazawa wajen kare rayuka.

Wannan ƙorafi ne da mutanen Wurno da Rabah da Goronyo, Musulmi da Kirista, suka daɗe suna yi. Addini na iya koya wa mutum ya fifita Allah a kan ransa da abin hannunsa, amma tsaron hanyar kasuwa da ta gona yana wuyan hukuma.