Ramin dutse ke faɗin shekarun tsakiyar gado

A Maiduguri, idan aka zo rabon gado, abin hannu na tsakiya da kaka ta bari kan jawo gardama. Magada sukan ce daga Makka aka kawo shi. Makka hanya ce kawai: tsofaffin duwatsun galibi aikin Khambhat ta Indiya ne, ko Idar-Oberstein ta Jamus, wadda tun ƙarni na 19 take sassaƙa dutsen Brazil domin kasuwannin Afirka.

Kafin a kai shi Monday Market a yi masa kuɗi, a dubi ramin. Hudar Indiya daga gefe biyu ake yin ta, sau da yawa takan haɗu a karkace, kuma zaren shekaru yakan cinye bakin ramin. Wanda ke da layin haɗi a jiki da kumfar iska a ciki kuwa, gilashi ne, ko da kaka ta yi aure da shi.