Overstay: baƙon da ya zarce wa'adi

Bana mu 'yan ajin ƙarshe mun ɗauki kalmar Turanci guda ɗaya za mu yi bayaninta, don muna yawan jin ta a bakin manya a Nima da Mamobi, musamman in ana hirar masu tafiya waje. Sai ka ji an ce, "Wane ai ya yi overstay," kowa ya yi shiru. To mene ne ita?

Kalmomi biyu aka haɗa. Over shi ne wuce iyaka, stay kuma zama. Wato mutum ya shiga wuri da izini, aka ba shi lokaci, lokacin ya cika, shi kuma bai tashi ba. A lura, da izini ya shiga. Wanda ya tsallaka iyaka a ɓoye ba a ce masa haka, laifinsa daban ne. In abin ya riga ya faru sai a ce overstayed, mai yin kuma overstayer.

Inda ta fi ciwo shi ne wajen biza. A Amurka, wanda ya zarce fiye da kwana 180 sannan ya fita, shekara 3 ba ya komawa. In ya kai shekara guda, 10 ce. Masu zuwa Hajji da Umara ma bizarsu da wa'adi, wanda ya maƙale a Makka bayan an dawo ya shiga wannan suna, ko da niyyarsa ibada ce. Har nan Gana abin ya shafe mu. Ɗan'uwa daga Kano yana shigowa ba biza saboda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, amma kwana 90 ne iyakarta. Da yawa ba su san haka ba, suna ganin tunda Hausa ake yi a zango ai gida ne.

Kakanninmu ba sa wasa da maganar takarda, kuma da dalili. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Zangunan Ankara da Kumashi sun ga kuka, har waɗanda a nan aka haife su wasu sun bi iyayensu sun tafi.

Turawa na amfani da ita a zaman gida ma. In sun ce mutum ya yi overstay his welcome, nufinsu ya daɗe har masu gida sun gaji da shi, ana masa murmushi ana duban agogo. Mu sai mu ce ya yi zaman dirshan, alhali baƙo raɓa ne. Malam ya tuna mana cewa a Bukhari da Muslim haƙƙin baƙo kwana uku ne, abin da ya ƙaru sadaka ce, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida ba.

Sai a kiyaye kar a juya ta. Stay over kwana ne kawai a gidan wani, ba laifi a ciki. Wani a ajinmu ya rubuta wa malamar Turanci cewa ranar Asabar zai je Madina ya yi overstay a gidan gwaggonsa. Ta maido masa takardar, ta rubuta a ƙasa da jan biro: gwaggon ta sani?